Babi na Bakwai: Inda Ake Girke Igwa

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Gazawa a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Ya tarar da gari mai kusurwa huɗu, kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi. Kowace fuska tana da ƙofa guda ta ginin ƙasa, kaurinta ya kai ƙafa 12, a bisanta kuma an yi wurin da 'yan baka wajen 12 za su tsaya su yi harbi. Gazawa a lokacin tana ɓangaren Maraɗi da Gobir ne, kudu da ita kuma daji ne da yaƙi ya kore wa mutane, har da kufan Ɗankama a cikinsa.

Wanda ya tsara ƙofofin nan ya yi lissafi. Ya san mahayi ba zai tsallake gwalalo ba, ba zai keta kafi ba, dole ya nufo ƙofa. Saboda haka ya tara kibau a daidai inda doki zai cushe, ya ɗaga maharba sama yadda mashi ba zai same su ba. Makami nawa, wane iri, a ina za a ajiye shi? Wannan tambaya ce mutanen Holan suka sha fama da ita a kan teku shekara ɗari biyu kafin zuwan Barth. Mai karatu na Agye ko Gidan Rumji, wanda ke nesa da teku da fiye da kilomita 700, zai iya cewa ina ruwansa. Da ruwansa, domin jiragen nan su ne suka tsare hanyar da bindigogi masu yawa suka bi suka shigo Afirka ta Yamma.

Jirgin yaƙi na wancan zamani katako ne, iska ke tura shi, kuma abin da ya fi komai nauyi a cikinsa shi ne igwa. Babbar igwa ta tagulla takan kai kusan tan uku. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san ƙa'idar: nauyi ya sauka ƙasa, gefe biyu su yi daidai, in ba haka ba kaya ya juye da jakin. To amma a jirgi akwai wata matsala a kan wannan. Kowace igwa tana buƙatar taga a jikin jirgin da za ta leƙa ta yi harbi. In ka sauko da igogi ƙasa sosai don jirgi ya zauna daram, tagoginsu sun kusanci ruwa. In ka ɗaga su sama don gudun ruwa, kan jirgi ya yi nauyi.

An ga sakamakon kuskure a wannan lissafi ranar 10 ga Agusta 1628 a Stockholm. Sarkin Suwidin Gustav Adolf ya sa an ƙera masa jirgi mai suna Vasa, wanda wani gwani ɗan Holan, Henrik Hybertsson, ya fara aikinsa amma ya rasu bai ga ƙarshensa ba. An ɗora masa igwa 64, daga ciki 48 masu harba curin ƙarfe mai nauyin laba 24 ne, an jera su a hawa biyu. Ranar fitarsa ta farko an buɗe tagogin duka don a yi harbin gaisuwa. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin ƙasa, ya nutse mutanen gari suna kallo. Mutum wajen 30 suka mutu. Sai a 1961 aka tsamo shi, yau yana gidan tarihi.

Mutanen Holan suna da wata damuwar da ta fi ta kowa. Ƙasarsu shimfiɗe take, bakin tekunsu cike da tudun yashi, mashigan tashoshinsu ba zurfi. Jirgin da zai fita daga Amstadam sai ya ƙetare wani wuri mai laka da ake kira Pampus, inda manyan jirage ke kafewa. Wajen 1690 har dabara suka ƙirƙiro: manyan akwatunan katako biyu da ake cika wa ruwa a manna su a gefen jirgi, sannan a zuƙe ruwan, su taso su ɗago jirgin tare da su. Raƙuma suke kiransu. Ingila kuwa tana da tashoshi masu zurfi, tun 1637 ta ƙera Sovereign of the Seas mai hawa uku da igwa kimanin 100. Jirgin da babban kwamandan Holan Maarten Tromp ke hawa, Brederode, igoginsa ba su kai 60 ba. Dole maƙeran Holan su yi jirgi mai faɗi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, mai hawa biyu, wanda ba ya cin ruwa da yawa, su kuma haƙura da nauyin igwar da zai iya ɗauka. Sai a shekarun 1680 suka shiga ƙera masu hawa uku gadan-gadan.

Ga kuma rarrabuwar kai a gida. Rundunar ruwansu tana hannun hukumomi biyar ne: ta Amstadam, ta Rotadam, ta Zeeland, ta Friesland, da ta yankin arewa mai zama a Hoorn da Enkhuizen. Kowace tana tara kuɗinta, tana ƙera jiragenta, tana sayen igoginta. Ta tagulla ta fi kyau, domin in ta gaji takan kumbura ta ba da alama kafin ta fashe, amma tsadarta ta ninka ta baƙin ƙarfe. Ta baƙin ƙarfe tana da araha, ana kawo ta da yawa daga Finspång a Suwidin, inda attajirin Amstadam Louis de Geer ke da maƙera, sai dai in za ta fashe ba ta sallama. Jirgi ɗaya sai ka same shi da igogi iri-iri, abin da aka samu a rumbu shi aka ɗora.

Yaƙinsu na farko da Ingila, daga 1652 zuwa 1654, shi ya tona asirin wannan tsari. Da yawa daga jiragen da Holan ta fitar na 'yan kasuwa ne da aka yi haya aka liƙa musu igogi. Salonsu shi ne a kutsa cikin abokan gaba, a yayyaga musu igiyoyi da zannuwan iska, a manne da jirginsu a haura da takubba. A 1653 Ingilishi suka rubuta wa kwamandojinsu doka cewa jirage su riƙa bin juna a layi guda, kowane ya juya gefensa ga abokin gaba. Tunda igogi a gefe suke, layi yana ba kowane jirgi damar sakin dukan igogin gefe ɗaya ba tare da ya harbi ɗan'uwansa ba. Tromp da kansa ya taɓa yin haka ga Sifaniyawa a 1639, amma yanzu ya gamu da masu igogin da suka fi nasa nauyi. An ci su a Gabbard a watan Yuni na 1653, a watan Agusta kuma aka kashe Tromp a gaban Scheveningen.

Abin da nake yaba musu shi ne ba su tsaya neman wanda za su ɗora wa laifi kawai ba. Tun yaƙin bai ƙare ba suka ba da kwangilar sababbin jiragen yaƙi wajen 60, aka kuma hana sayar da su bayan sulhu kamar yadda aka saba. Da yaƙi na biyu ya zo suka ƙara girman jiragen. A 1665 hukumar Rotadam ta fitar da De Zeven Provinciën, wato Larduna Bakwai, jirgin da Michiel de Ruyter ya yi suna a kansa. Tsawonsa kimanin mita 46, igoginsa 80, duka na tagulla. A hawan ƙasa, kusa da ruwa, akwai 12 masu curin laba 36, wato kusan kilo 18, da 16 masu laba 24. A hawan da ke bisansa akwai 14 masu laba 18 da 12 masu laba 12. Sauran 26 ƙanana ne masu laba 6, an rarraba su a rumfunan sama na goshi da na baya. Nauyi yana raguwa yayin da ake hawa sama. Goshi da wutsiyar jirgi kuma ba sa son kaya mai yawa, domin can ne jikin ya tsuke, ruwa ba ya tallafarsa sosai, in an matsa musu sai ƙashin bayan jirgin ya lanƙwashe.

A lura da wani abu a wannan jeri: ma'auni biyar ne a jirgi ɗaya, har biyu-biyu a hawa guda. Ma'ana curi iri biyar, ƙunshin albarushi iri biyar. A zaune wannan ba komai ba ne. Amma a shiga hawan ƙasa lokacin da ake gwabzawa. Rufin ya yi ƙasa, dogon mutum sai ya sunkuya. Hayaƙi ya toshe ko'ina, kunnuwa sun dode, ba mai jin maganar wani. Igwa tana zaune a kan keken katako mai ƙananan ƙafafu huɗu, an ɗaure ta da jibgegiyar igiya a jikin jirgi, don in ta tashi takan yi tsalle da baya, duk ƙafar da ta samu ta murƙushe. Da ta tsaya sai mutum guda ya zura sanda mai jiƙaƙƙen soso ya kashe sauran garwashin da ke ciki, in ya yi sakaci ƙunshin da za a sa na gaba ya tashi da hannun mai ɗurawa. A tura albarushi, a tura curi, a danna tsumma a kai, mutum goma ko fiye su ja igiyoyi su mayar da bakinta waje ta taga, mai igwa ya huda ƙunshin ta ɗan ramin baya, ya zuba gari, ya kanga wuta. Duk wannan lokaci yara suna ta gudu tsakanin igogi da rumbun albarushi, wanda ke can ƙasan jirgi ƙarƙashin ruwa don kada curin abokan gaba ya same shi. Yaron da ya kawo ƙunshin laba 36 ga igwar laba 24 ya jawo bala'i. Rumbun nan kuwa ba a wasa da shi: a yaƙin Lowestoft na Yuni 1665 rumbun jirgin Holan Eendracht ya kama da wuta, jirgin ya tarwatse da kwamandan rundunar, Obdam, mutum biyar kaɗai suka tsira.

Da wannan jeri mai gauraye De Ruyter ya yi nasara a Yaƙin Kwana Huɗu na 1666, a 1667 rundunarsa ta shiga kogin Medway ta janyo babban jirgin Ingila, Royal Charles, zuwa Holan. A 1673, da jiragen Ingila da na Faransa suka haɗu suka fi nasa yawa, sai ya tsaya a Schooneveld, tsakanin tudun yashin da matuƙansa suka sani kamar tafin hannunsu, inda manyan jirage masu cin ruwa ke ɗari-ɗarin shiga. Rashin zurfin da ya hana shi manyan igogi shi ya zame masa ganuwa.

Wannan De Ruyter ɗin ya zo Afirka. A ƙarshen 1664 ya ƙwato tsibirin Gore na Senegal daga Ingilishi, a watan Fabrairu na 1665 kuma, da taimakon mayaƙan Elmina cikin kwale-kwale, ya ci ganuwarsu ta Kormantin a gaɓar Ghana ta yau. Abin da ake faɗa a kansa zinariya ne da bayi. Elmina tana hannun Holan tun 1637, ba su bar ta ba sai 1872, kuma cikin manyan hajojin da suke saukewa akwai bindiga mai ƙanƙara da albarushi. Willem Bosman, wani babban ma'aikacinsu a can, ya koka a littafinsa na 1704 cewa suna sayar da makamin da za a iya juyowa kansu da shi, amma in sun ƙi, Ingilishi da 'yan Denmak za su sayar. Ko a 1837 bindiga 2,000 wakilinsu Jan Verveer ya ba Sarkin Asante Kwaku Dua a matsayin kafin alƙalami, don ya samo musu mutum 1,000 da za a kai Jawa aikin soja, akasarinsu bayi daga arewa. Mutanen Gidan Rumji da ke kwana da fargabar 'yan bindiga a yau ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da cinikin makami ke haifarwa a ƙasar da ba ita ta ƙera shi ba.

Sai dai bindigogin nan ba su iso mu da sauƙi ba. Fatakenmu suna zuwa Gwanja su ɗauko goro, amma Asante sun hana bindiga da albarushi wucewa arewa, don sun san amfanin riƙe su. Kaɗan-kaɗan suke shigowa, ta Nufe ko ta hamada daga Tarabulus. Tarihin Kano ya nuna an kawo bindigogi zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 dawaki da lifidi da baka ne suka yi aiki.

Abin da ya faru a Konya a watan Oktoba na 1826 ya fi kowane misali kusa da maganarmu. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa sun koma can, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zo da runduna mai dubban mutane ya kewaye garin, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton yana tare da shi yana kallo. Bindigogin rundunar duka arba'in da 'yan kai ne, a hannun bayi. Kowane yakan matso ya harba, ya ruga inda kibiya ba ta kaiwa ya sake ɗuri, ba tare suke saki ba, ba kuma wuri ɗaya suke nufa ba. Gobirawa kuwa bindiga guda ce ta yi musu aiki daga bayan ganuwa. Da masu lifidi suka taso, mai ita ya jira na gaba ya kayar da shi. Gari bai ciwu ba. Bindiga ɗaya da aka girke a wurinta, mai ita yana da mafaka da lokacin ɗuri, ta fi arba'in da aka watsa a fili. Shekara goma bayan haka, a Gawakuke a 1836, inda aka haɗu a sarari, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duka suka kwanta dama, Sarki Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau.

Saboda haka ban yarda da masu cewa duhun kai ne ya sa kakanninmu na Gazawa suka riƙe baka har 1851 ba. Kafin mai bindigar ƙanƙara ya gama ɗuri ɗaya, ɗan baka ya saki kibau da yawa. Kibiyarsa da dafinsa a dajin garinsu yake samu, damina ba ta jiƙa masa albarushi, ba ya jiran ayari daga Tarabulus. Mutum 12 masu baka a kan ƙofa tsari ne cikakke da gari zai iya ciyar da shi da kansa. Maƙeran Holan ma abin da suka yi ke nan, sun auna makami da wurin da suke.

Wanda ya yi ƙoƙarin tsallakawa zuwa zamanin igwa a ƙasashenmu shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884. Ya gina ganuwar Zinder, ya sa maƙera suka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a gida, masu tarihi kuma suna ba shi bindiga wajen 6,000 da igwa 40. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ya kuma sa maƙwabta, har Kano, suka riƙa shakkar Damagaram. Amma zuba igwa mataki ɗaya ne kawai. Abin da ya ɗauki Holan yaƙe-yaƙe da asarar dubban rayuka kafin ta kama shi ne sauran: curin da ya yi daidai da bakin igwa, albarushi mai ƙarfi ɗaya, abin ɗaukarta da juya ta, da mutanen da aka horar har hannunsu ya saba.

A 1899 aka ga bambancin. Ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine, da sojojinsu 'yan Afirka masu bindigogin zamani da igwa guda ta milimita 80, suka ragargaza Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka yi kisa na rashin imani, suka nausa gabas ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi suna ƙone garuruwa. A Ɗankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya dakatar da shi, ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. Ragowar ayarin, duk da wannan hargitsi, suka karya rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan, suka shiga Zinder. Igogin Damagaram ba su tare su ba.

Har yanzu akwai tsofaffin bindigogin ɗuri a gidajen sarauta da na maharba daga Tsibiri zuwa Agye da Gazawa, wasu ana fito da su ranar hawan salla, wasu tsatsa na cin su a ɗaki. Roƙona ga wanda ya gaji irinsu, kada ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ya goge wajen kunamar da gindin bututun a hankali ya duba, domin bindigogin da aka ƙera a Turai sukan zo da tambarin maƙera, kuma da shi ake gane ko daga Birmingham ta fito, ko Liège, ko Holan, ko kuwa aikin maƙerin gida ce. Ya ɗauki hotonta, ya tambayi dattawan gidan wa ya kawo ta, daga ina, a wane yaƙi aka riƙe ta, ya rubuta tun suna raye.